Littafin da Na Ba Uwar Ɗakina Ta Kai Mini

Lokacin da na sauka New York a shekarar 2011, shekaruna talatin da huɗu, ba miji ba ɗa, sai akwati ɗaya da takardar shaidar cewa na yi shekara tara ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a kudancin Kaduna. A lokacin ni mace ce mai ganin kanta da wayo. Na sha littattafai, na iya gyara wa mutane jimla, ina ganin ba mai iya zagaye ni. Amma akwai abu ɗaya da boko bai cire mini ba, wato kunyar manya. In babba yana magana kaina a ƙasa yake, in kuwa ya yi mini alkawari, ko shekara za a yi ba na iya buɗe baki in tambaye shi ina aka kwana. Haka aka raine mu, kuma har na zo ƙasar nan ina ɗaukar abin ado ne. Na rubuto muku ne domin wannan halin ya ci mini abin da na fi ƙwallafa rai a kai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu ma muna haɗuwa duk Lahadi.

Wadda ta karɓe ni wata dattijuwa ce 'yar garinmu, ƙawar yayar mahaifiyata, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ƙasar nan. Gidanta yana unguwar Jamaica a Queens, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a ɗan cocinmu na 'yan Arewa. Kowa Mama yake ce mata, ni ma haka zan kira ta a nan. Tsakani da Allah matar nan ta yi mini abin da uwa take yi. Ita ta saya mini rigar sanyi ta farko, ita ta koya mini shiga bas da jirgin ƙasa, ita ta yi magana aka ɗauke ni aiki a filin jirgin sama, ina tura tsofaffi da marasa lafiya a keke daga ƙofar jirgi zuwa inda 'yan uwansu ke jira. Malamar Turanci ta koma direbar keke, amma ban raina ba. Ɗaki ɗaya muke kwana da autarta, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, haifaffiyar nan, wadda in ka yi mata Hausa za ta ji tsaf amma ta mayar maka da Turanci. Anti take ce mini. Duk Asabar ina yi mata kitso ita kuma tana ta zuba, labarin ƙawaye, labarin malamai, abubuwan da ko da wasa ba za ta faɗa wa uwarta ba. Ba lalatacciya ba ce. Baki ne da ita, ga tsallake aji jefi-jefi, ga kallon babba ido cikin ido tana neman dalili, abin da Mama ba ta iya haɗiyewa.

Ana gab da dogon hutun makaranta na shekarar da ta biyo, Mama ta kira ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce ta yanke shawara za ta tura yarinyar gida, a sa ta a makarantar kwana, ƙanin Maman ya riƙe fasfo har sai ta yi hankali. Ita yarinyar an ce mata hutun sati uku za ta je wurin kakarta. Mama ta ce ta faɗa mini ne don ni babba ce, kada in bari maganar ta fita. Raina bai so ba, amma ta ciki na ciki, na ce to. Ni na haɗa mata kaya. Da ta ga ina cusa zannuwan gado da tawul har uku ta tambaye ni na mene ne, na ce tsarabar Kaka ce. Da yake ina da katin aiki, ni na raka ta har ƙofar jirgi, inda ko uwarta ba ta isa ta kai ba. Ta rungume ni tana dariya, tana tambayata ko kilishi nake so ko yaji. Bayan wata ɗaya waya ta yi ƙara a gidan, ni na ɗauka. Yarinyar ce. Ba ta gaishe ni ba, abu ɗaya ta tambaya, wai ko na sani. Na yi shiru. Ta jira kaɗan, sannan ta kashe wayar.

Daga wannan shirun littafin ya fito. Na fara rubutu a ƙaramin littafin aljihu, ina zaune cikin keken da ba kowa ina jiran jirgi ya sauka. Ranar da ba ni da aiki sai in tafi laburaren unguwa in buga a kwamfuta. Da Turanci na rubuta shi, labari ne na matasa, a bakin wata yarinya haifaffiyar Queens da aka kai ta Najeriya hutu aka bar ta a makarantar kwana. Na canza sunaye, na canza gari, na ƙara abubuwan da na sani daga shekarun da na yi ina koyarwa, amma wanda ya san gidanmu ba sai an nuna masa ba. Har da wata anti a ciki, wadda ta sani ta yi shiru, kuma ban raga mata ba ko kaɗan. Shekara ɗaya da rabi na yi ina fama, a tsakanin nan har na kama ɗakina ba nisa da gidan Mama. Ba zan yi ƙarya ba, na ɗan yi mafarkin suna, har na zaɓi atamfar da zan sa a hoton bayan bango. Amma abin da ke raina na gaske shi ne ranar da yarinyar za ta dawo, in miƙa mata littafi bugagge mai bango, ta karanta ta ga cewa na san abin da na yi mata, kuma na faɗa wa duniya da bakina. Ban san wata hanyar neman gafara ba, don ko lambar makarantarta na kasa kira.

Wata ma'aikaciyar laburaren ce ta yi mini bayanin yadda harkar take. Ta ce manyan kamfanonin buga littattafai a nan ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci, sai ta hannun wakili, wanda suke kira ejan. Shi zai karanta, in ya ga abin zai shiga kasuwa ya ɗauke ka, ya kai wa editoci ya yi ciniki a madadinka. Kafin ka samu ejan kuwa, sai ka rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, ka tallata littafin, ka tallata kanka, ka aika wa mutane da yawa da ba su san ka ba. Nan fa ake yin ta. Ni da na rubuta shafi kusan ɗari uku, na yi makonni na kasa rubuta shafi ɗaya. A gidanmu an ce yabon kai jahilci ne. Duk wasiƙar da na fara sai ta fito kamar ta mai roƙon a yafe masa laifi, ina ba da haƙurin ɓata musu lokaci tun a layin farko. Ban da haka ma, a wurinmu ba ka faɗa wa babban mutum kai tsaye. Sai an yi maka iso, wani da ya san shi ya shiga gaba ya ce ga wance, 'yar gidanmu ce. Hankalina ya kasa karɓar cewa baƙuwa kamata za ta ƙwanƙwasa ƙofa da kanta kuma a buɗe.

Wata Lahadi bayan sujada muna cin tuwo a gidan Mama, na ɗan yi ƙorafin abin. Sai ta ajiye cokalin miya ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Shekarun baya ta yi jinyar wata tsohuwar Baturiya a gida har ta rasu, kuma 'yar tsohuwar wannan aikin take yi a Manhattan. Matar tana ganin girmanta ƙwarai, duk Kirsimeti sai ta aiko mata da kati, ga shi can ma manne a jikin firij. Ta ce in buga in kawo, ita za ta kai da hannunta. Mai karatu zai ce wace irin wauta ce ta sa na ba uwa littafin da ke tona abin da ta yi wa 'yarta. Na yi lissafina ne irin na masu wayo. Mama ba ta karanta komai sai Littafi Mai Tsarki da takardun asibiti, na kuma ce mata labarin 'yan makaranta ne kawai. Na ce a raina in an karɓa, sai in samu lokaci in zauna da ita in lallaɓa ta. Sharuɗɗa biyu ta gindaya mini cikin ruwan sanyi. Na farko, kada in sa lambata ko imel ɗina, a sa nata, tunda ita matar ta sani. Na biyu, kada in aika wa kowa kafin a ji daga can, don in matar ta ji ana yawo da littafin gida-gida, mutuncin Mama ne zai zube. Na ga duka biyun daidai ne, har na durƙusa na yi godiya.

Sai jira. Watan farko na lura Mama ta ɗan ja jiki da ni, gaisuwa a taƙaice, na ɗauka gajiyar aiki ce. Bayan nan kuma sai ta dawo da fara'a fiye da da, har miya take aiko mini. Tambayata ba ta wuce in kewaya in ce ko an ji motsin mutanen Manhattan ba, shi ma sai na yi wata biyu ina tara ƙarfin hali. Amsa kullum a shirye take. Wani lokaci ta ce Turawa ba sa son a matsa musu, wani lokaci ta ce matar ta yi tafiya, wani lokaci ta ce ana nan ana dubawa, abin alheri ba ya son gaggawa. A taron zumuntar mata ita da kanta take sa littafina cikin abubuwan addu'a. Ta miƙe gaban mata ta ce 'yarta ta rubuta littafi yana hannun manya, a roƙi Ubangiji ya buɗe ƙofa. Akwai lokacin da ta sa aka yi azumin kwana uku a kaina, mata masu aikin tsayuwa awa goma sha biyu suka hana kansu abinci saboda ni. Ranar buɗe baki na yi kuka na rungume ta, ina cewa ko uwar da ta haife ni sai haka.

Akwai wata abokiyar aikina 'yar Kumasi, mai baki kamar reza, da ta sha ce mini in karɓi lambar matar in kira da kaina. Ta ce a ƙasar nan ko likita ya faɗa maka magana sai ka sake tambaya, balle mai kai saƙo. Na ce mata ba ta san Mama ba, har na yi kwana biyu ina fushi da ita. Abin haushin shi ne na san sunan matar sarai, tunda yana jikin katin firij. Na nemo adireshin ofishinta, wata rana ma na shiga jirgin ƙasa har can, na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar kusan rabin awa. Na kasa shiga, don a ganina hakan tsallake Mama ne, kamar na ce ban yarda da ita ba. Na sayi shayi na sha, na juyo gida. Haka na yi shekara biyu da rabi, ban aika wa kowa ba, ban kuma rubuta komai sabo ba.

A ƙarshen 2016 na ga sanarwa a allon laburare, za a yi taron sababbin marubuta a Brooklyn, wasu ejan-ejan za su zauna kowa ya samu 'yan mintuna da su. Sunan matar yana ciki. Na lallashi kaina cewa gaisuwa kawai zan je, ba tsallake kowa ba ne. Da layi ya zo kaina na zauna, na ce ni 'yar gidan Mama ce, mai littafin nan da aka kawo tun tuni, na zo ne in yi godiya da haƙurin da ake yi da shi. Matar ta cire tabarau ta dube ni. Ta faɗi sunan littafin ba tare da na tuna mata ba, har ta ambaci wurin zannuwan gado. Sannan ta tambaye ni yaushe na dawo daga Najeriya, kuma yaya mijina.

A cikin mintunan nan na ji komai. Mama ta kai littafin da gaske, a makon da na ba ta. Matar ta karance shi cikin kwana biyu, ta kira lambar da ke jiki tana murna. Da yake ta ɗauka Mama ta san abin da ke ciki, sai ta shiga ba ta labarin, uwar da ta yaudari 'yarta da sunan hutu, kawun da ya ɓoye fasfo, tana tambaya ko da gaske ana yin haka. Ta ce tana son ganina a makon, akwai editar da take ganin za ta so shi. Mama ta ce za ta isar. Bayan kwana bakwai ta kira ta ce na koma Najeriya na yi aure, mijin ba ya son harkar rubutu, na ce a janye littafin. Matar ta sake rubuto mata sau biyu cikin watannin da suka biyo, ko a ba ta lambata ta can. Ta buɗe wayarta ta nuna mini, ga amsar Mama da Turancinta na asibiti, wai na ce a bar maganar. Na tambaye ta ko yanzu za a iya. Ta riƙe hannuna ta ce shekara guda bayan nan ta ɗauki wata marubuciya mai labari kusan irin nawa, an riga an sayar, yana hanyar fitowa, kuma ba za ta iya riƙe biyu masu kama da juna ba, zai zama rashin adalci ga dukanmu. Ta rubuta mini sunayen wasu a bayan katinta. Mai kula da lokaci ya taɓa kafaɗata, na tashi na ba na bayana wuri.

Ban san yadda na kai gida ba. Ba rashin littafin ne ya fara cin raina ba, azumin nan ne. Na dinga ganin fuskokin matan da suka wuni da yunwa suna roƙon a buɗe ƙofar da mai jagorar addu'ar ta rufe da hannunta. An ci amanata, kuma an ci ta ina godiya, ina durƙusawa, ina wanke kwanonin wadda ta ci. Ban taɓa jin na tsani mutum ba sai a makon nan, kuma na tsani kaina kusan daidai da yadda na tsane ta.

Ranar Lahadi na bi Mama gida kamar kullum. Kun san abin dariya, sai da na durƙusa na gaishe ta tukuna, jiki ya riga ya saba. Tana yanka alayyafo na faɗa mata inda na je da wadda na gani. Ba ta musa ba, ko wuƙar ba ta ajiye ba. Ta ce na ci abincinta, na kwana a gadonta, ashe duk lokacin rubuta ta nake yi. Ta ce ita ta rufa mini asiri a ƙasar da ban san kowa ba, ni kuma na tashi tona nata a gaban Turawa, waɗanda ba za su taɓa gane cewa ceton 'yarta ta yi ba. In littafin ya fito ba macen da ba za ta gane ta ba a coci, kuma wa ya sani ko hukuma za ta shigo, a taɓa mata lasisin aikin da ta yi shekaru tana wahala a kai. Na tambaye ta azumin fa. Ta ce da gaske ta yi shi, roƙonta shi ne Allah ya cire mini abin daga rai. Sai na ce mata abin da ya fi yi mini ciwo, cewa da ta kira ni ta faɗa mini a fuska, yadda nake jin nauyinta wataƙila da hannuna zan yaga shi, amma ta bar ni shekara biyu da rabi ina jiran abin da ta san ba ya zuwa. Nan ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni ko ni da na raka 'yarta har ƙofar jirgi na faɗa mata a fuska. Na ɗauki jakata na fita, miyar ma ban tsaya ba.

Fushi ya yi mini maganin kunya. Wasiƙar da ta gagare ni makonni, a zama ɗaya na rubuta ta, na yabi littafin, na yabi kaina, ban ba kowa haƙuri ba. Na aika wa sunayen da ke bayan katin, na aika wa wasu da na nemo da kaina. Yawancinsu ko amsa babu. Mutum biyu suka nemi su ga littafin gaba ɗaya, kuma dukansu magana ɗaya suka yi da kalmomi daban, cewa rubutun yana da kyau, amma irinsa ya riga ya fito, kamfanoni ba za su ɗauki na biyu yanzu ba. Na ga littafin ɗaya marubuciyar a sashen matasa na laburarenmu, a kan teburin da ke kusa da kwamfutar da na buga nawa. Na aro na karanta ina neman aibinsa. Ban samu ba, littafi ne mai kyau, kuma hakan ya fi yi mini zafi.

Yarinyar ta dawo a shekarar da ta biyo. Da ta kai shekarun da ba mai riƙe ta, ita da kanta ta je ofishin jakadanci ta nemi sabon fasfo. Ba ta sauka gidan uwarta ba, ta kama ɗaki da wata ƙawarta a Bronx, tana aiki a kantin magani tana karatu. Na ce tunda bango bai samu ba, ko babu komai takardun suna nan. Na kai shago aka buga aka ɗinke da roba, na shiga jirgin ƙasa na je. A bakin ginin ta same ni, ba ta ce in shiga ba. Ta yi tsawo, ta rame, kuma da Hausa ta yi mini magana, Hausa tsantsa irin ta gida, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙo. Ba ta ce mini Anti ba. Da na fito da littafin ta ce ta san da shi. Tun tana makaranta uwarta ta kira ta ta faɗa mata cewa duk hirar da take yi mini a wurin kitso na kwashe na rubuta zan sayar wa Turawa, ita ce ta hana. Shekaru ta yi da wannan a ranta. Na yi mata bayani tun daga farko, ina kuka a bakin titi mutane suna wucewa. Ta saurara har na gama. Ta ce mai yiwuwa gaskiya nake faɗa, amma a wurinta sau biyu na cuce ta. Ranar da ya kamata in yi magana na yi shiru, ranar da na tashi magana kuma ban tambaye ta ko ta yarda ba. Ta ce in gafara nake nema, makarantarta tana da waya duk shekarun nan. Na miƙa mata takardun, ta sa hannayenta cikin aljihun riga, ta ce in gaida mutanen Queens.

Har yanzu ina cocin nan, don ba ni da wani. Mama ta tsufa, ta sauka daga shugabanci, muna gaisawa a bakin ƙofa, mutane suna ganin uwa da 'ya. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ni ma ba zan ce na yafe ba, don ban kai nan ba tukuna, kuma na gaji da faɗin abin da ba shi ne a raina ba. Abin da nake so in faɗa wa masu karatu, musamman 'yan uwana mata da ke rubutu a ɓoye a ƙasar mutane, shi ne wanda ya ba ki masauki kin ci bashin girmamawa a wurinsa, amma ba ki ci bashin bakinki ba. In kin yi aiki, lambarki za ki sa a jiki, ba ta kowa ba, komai girmansa. In an ce miki ana dubawa, ki tambayi wa ke dubawa, kuma ki nemi jin muryarsa. Wanda zai yi fushi don kin tambaya, akwai abin da yake ɓoyewa. In kuma labarin wani kika ɗauka, ki je ki same shi tun kafin ki sa alƙalami, ko da zai zage ki. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ni na aiki Mama wurin ejan, na kuma so in aiki littafi wurin yarinyar da kiran waya ɗaya ya ishe ta, duk don kada in haɗa ido da kowa. Da na tsallaka titin nan na Manhattan, da na ɗaga waya na kira makarantar nan, da yau ba wannan wasiƙar nake rubutawa ba. Na yi shekara ɗaya da rabi ina rubuta littafi saboda mutum ɗaya tak, kuma har yau ba ta karanta ko layi ɗaya ba.